Wa Zai Tsaya wa Baƙo a Ƙofar Gari?

Karatun Littafi Mai Tsarki: Rut 4:1-12
Ayar haddacewa: Karin Magana 31:8-9
Ƙarin nazari: Littafin Firistoci 19:33-34, Ayyukan Manzanni 22:22-29, 1 Yahaya 2:1-2



Kafin ka buɗe Littafinka, ka ɗan tsaya ka tuna da mutanen da ka yi hulɗa da su daga safiyar jiya zuwa yanzu. Ɗan ga-ruwan da ya turo kura har ƙofar gidanka a Takur ko Gida Dubu, ya sauke maka jarka huɗu. Mai shayin bakin tasha. Mai gadin da yake kwana a waje cikin sanyin hunturu domin kai ka yi barci. Ka san sunansa na yanka? Ka san garinsu? Wasu daga ƙauyukan Kiyawa da Jahun suka zo ci-rani. Wasu kuwa daga hayin iyaka suka fito, daga Damagaram ko Magarya ko Matamaye. Hausarsu ɗaya da ta gari, tuwonsu ɗaya da namu, sai dai takardarsu dabam.

To, ka ɗauka wata safiya ka jira ruwa, shiru. Da ka tambaya sai aka ce maka an yi kame da dare, an tafi da shi tare da wasu, wai ba su da takarda, za a tasa ƙeyarsu zuwa iyaka. Matarsa na nan da goyo. Kuɗinsa na adashi yana hannun mutane. Me za ka yi?

Yawancinmu za mu ce "Allah sarki", mu nemi wani ɗan ga-ruwan. Mai zafin ruhaniya a cikinmu zai sa shi cikin addu'a, kuma ya yi daidai, gama addu'a tana buɗe ƙofofin ƙarfe. Amma akwai tambayar da ta rage. Wa zai sa takalminsa ya je ofis ya tambayi inda aka kai shi? Wa zai bincika ko mutumin nan baƙo ne da gaske, ko kuwa ɗan ƙasa ne da bai san shi ɗan ƙasa ba ne? Wa zai nemo masa lauya, tun da ba shi da kuɗin lauya? Wannan tambaya ce Ruhu Mai Tsarki yake ajiyewa a gabanka yau.

ABIN DA BO'AZA YA YI

Rut baƙuwa ce a Baitalami. Mutuniyar Mowab ce, gwauruwa, ba gona, ba ɗa, ba dangi sai surukarta Na'omi. In ka duba Maimaitawar Shari'a 23:3 za ka ga sunan ƙasarta ma kaɗai ya isa ya rufe mata ƙofa a cikin taron jama'ar Allah.

A sura ta 2 Bo'aza ya yi mata alheri. Ya bar ta ta yi kala a gonarsa, ya gargaɗi samarinsa kada su taɓa ta, ya kira ta ta ci abinci tare da masu girbi, har ya sa a riƙa zubar mata da zangarniya da gangan. Da littafin ya ƙare a nan, da mun ce Bo'aza mutumin kirki ne, mun rufe. Amma kaka tana wucewa. Hatsin kala yana ƙarewa. Bayan girbi Rut tana nan yadda take, baƙuwa marar matsayi.

Sai sura ta 4. Bo'aza ya tashi ya tafi ƙofar gari. A zamanin nan ƙofar gari ita ce kotu, nan ake yanke maganar gado da gona da aure. Akwai wani dangi da ya fi shi kusa, wanda doka ta ba shi haƙƙin fansa kafin Bo'aza. Bo'aza mai arziki ne, yana da faɗa a ji, da ya so da ya bi ta bayan gida ya gama maganar a ɓoye. Bai yi haka ba. Ya kira mutumin, ya tara dattawa goma, ya shimfiɗa maganar gonar Elimelek da maganar Rut a fili, bai ɓoye cewa ita mutuniyar Mowab ce ba. Da mutumin ya ji akwai ɗawainiya sai ya janye, don gudun kada gādonsa ya taɓu. Ya tuɓe takalminsa bisa ga al'ada, jama'a suka zama shaidu, magana ta zauna daram.

Ka lura da bambancin. Alherin gona ya ciyar da Rut na kaka ɗaya. Tsayawar ƙofar gari ta ba ta gida da suna da gādo. Daga cikinta aka haifi Obida, kakan sarki Dawuda, kuma in ka buɗe Matiyu 1:5 za ka tarar da sunanta a cikin asalin Ubangijinmu Yesu. Rut ba ta yi magana ko ɗaya a wannan zama ba. Wani ne ya buɗe baki dominta.

Ikkilisiyarmu ta iya sura ta 2. Muna raba shinkafa da tufafi a lokacin Kirsimeti, Allah ya ƙara mana albarka. Sura ta 4 ce muke gudu, domin tana cin lokaci, tana kai mutum ofisoshi, tana sa a san fuskarka. Yau Ubangiji yana kiranka daga gona zuwa ƙofar gari.

WANNAN BA LABARIN NESA BA NE

Kada ka ce korar baƙi abu ne na Turai da Amurka. Tambayi dattawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia a Gana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice. Dubun-dubatar 'yan Najeriya, Hausawan zango da Yarabawa 'yan kasuwa, suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Wasunsu can aka haife su, ba su taɓa ganin Najeriya ba.

Shekara 13 bayan haka sai reshe ya juye da mujiya. Ran 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda wa'adin mako biyu. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, yawancinsu 'yan Gana, tare da mutanen Nijar da Cadi da Togo da Benin. Jakar nan da kake zuba kaya in za ka tafi gida hutun Kirsimeti, wadda kowa ke kira Ghana Must Go, daga wannan tashin hankali ta samo suna. Wanda ya kori jiya, shi aka kora shekaranjiya. Shi ya sa Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga wani labari da ya fi kusa da saƙonmu. A Janairun 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin Jihar Borno, ɗan jam'iyyar GNPP, aka ketare da shi iyaka zuwa Cadi, bisa umarnin cewa shi ba ɗan Najeriya ba ne domin mahaifinsa daga can ya fito. Lauyoyi suka shigar da ƙara a Babbar Kotu a Maiduguri. Aka kawo shaidu, aka bi asalinsa, kotu ta tabbatar shi ɗan ƙasa ne, ta soke korar. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba. Mutumin ya dawo gidansa.

Yanzu ka yi tunani. Wannan babban mutum ne, yana da jam'iyya, yana da lauyoyi, jaridu suna buga sunansa. In har za a iya kuskure a kan irinsa, ina ga ɗan ga-ruwa? Da aka zo batun gaskiya, dukansu biyu suna iya kasancewa da ita. Abin da ya raba su shi ne ɗaya ya sami mai tsaya masa.

Jiharmu ta Jigawa tana da iyaka da Jamhuriyar Nijar. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari tana cika da mutane da dabbobi daga hayi biyu. An yi auratayya tun kafin Turawa su ja layi. Akwai gidaje da yawa a Gumel da Babura da nan Dutse inda uba daga can yake, uwa daga nan. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyaka, sai a Maris na 2024 Najeriya ta buɗe ɓangarenta. Ran 29 ga Janairu 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Duk lokacin da manya suka yi irin wannan saɓani, talakan kan iyaka ne yake kwana da fargaba.

Kada kuma ka manta da namu da ke waje. Ana dawo da 'yan Najeriya daga Libiya da Saudiyya. Aljeriya tana sauke baƙi a hamada kusa da Assamaka a arewacin Nijar. A Amurka, wanda ake shari'ar korarsa gwamnati ba ta ɗaukar masa lauya, in ba shi da kuɗi sai dai lauyoyin sa-kai da ƙungiyoyin agaji da na ikkilisiyoyi su tsaya masa. Watakila ɗanka ko ƙanenka yana can, kana addu'a dare da rana Allah ya haɗa shi da mai taimako. Ka sani wata uwa a Damagaram tana irin wannan roƙo saboda ɗanta da ke unguwarku. Ko kai ne amsar?

Mu kanmu mun san ɗanɗanon baƙunci. Wasunmu 'yan asalin nan ne, amma da yawa aiki ko kasuwanci ko karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse ya kawo mu daga Filato, Binuwai, kudancin Kaduna da kudancin ƙasa. Mun san yadda zuciya take yi in aka ce wa yaron da aka haifa a nan ya je "garinsu" ya karɓo takardar asali. Dalilin da Allah ya ba Isra'ilawa ke nan a Littafin Firistoci 19:34 da ya umarce su su ƙaunaci baƙo kamar kansu: su ma sun yi baƙunci a Masar. Wanda ya taɓa kwana a waje bai kamata ya manta da sanyi ba.

RASHIN SANI YA FI DARE DUHU

A Ayyukan Manzanni 22 an ɗaure Bulus za a yi masa bulala a Urushalima. Bulus mutumin addu'a ne, ya ga wahayi, ya ta da matacce. Duk da haka a wannan lokaci tambayar shari'a ya yi: ko doka ta yarda a bulale ɗan ƙasar Roma ba tare da an yanke masa hukunci ba? Nan take masu bulala suka ja da baya, shugaban sojoji ma tsoro ya kama shi. Shafewar Ruhu Mai Tsarki ba ta hana Bulus sanin haƙƙinsa ba. Sanin doka ba rashin bangaskiya ba ne. Saboda haka ka riƙe waɗannan abubuwa, domin wata rana za su ceci wani.

Na ɗaya, wane ne ɗan ƙasa? Sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai ɗan ƙasa ne in ɗaya daga cikin iyayensa, ko ɗaya daga cikin kakanninsa, ɗan Najeriya ne. Wanda aka haifa a waje ma ɗan ƙasa ne in uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne. Ka ji da kyau: uwa ma tana ba da ƙasa. Yaron da ubansa ya fito daga Magarya, uwarsa 'yar Gumel, ɗan Najeriya ne tun ran da aka haife shi, ko da unguwa duka tana kiransa ɗan Nijar. Sashe na 41 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa daga Najeriya. Amma haihuwa a nan kaɗai ba ta wadatar ba in iyaye da kakanni duka baƙi ne.

Na biyu, baƙo yana iya zama ɗan ƙasa ta hanyar doka. Sashe na 26 ya buɗe hanyar rajista ga matar da ta auri ɗan Najeriya. Sashe na 27 ya buɗe hanya ga wanda ya zauna shekara 15 a ƙasar, mai halin kirki, wanda jama'ar da yake zaune cikinsu suka karɓe shi. Ta Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema, Shugaban Ƙasa ne yake amincewa. Hanyar tana da tsawo da tarin takardu, shi ya sa talaka yake bukatar mai riƙe masa hannu.

Na uku, yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya zauna har kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya ta gaskiya. Wanda zai zarce haka sai ya nemi izinin zama a Hukumar Shige da Fice. Da Nijar ta fita, ECOWAS ta bukaci ƙasashenta su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen nan uku har sai an sake sanarwa. Irin wannan tsari yana iya canzawa, don haka a riƙa tambayar masana kafin a ba mutum shawara.

Na huɗu, doka ta ba hukuma ikon tsare baƙo domin a fitar da shi, amma ba ta ce a yi shi yadda aka ga dama ba. Sashe na 35 yana magana a kan kowane mutum, ɗan ƙasa da baƙo: a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Wanda kuma ya gudo daga yaƙi ko tsanani yana da nasa matsayi na ɗan gudun hijira, akwai hukumar tarayya da ke kula da wannan, ba a mayar da shi bakin mutuwa.

Na biyar, akwai inda ake zuwa ba da kuɗi ba. Tun 1976 aka kafa hukumar ba da agajin shari'a ga marasa ƙarfi, wadda aka fi sani da Legal Aid Council. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, tana da reshe a Dutse, kuma a cikin lauyoyi akwai masu ɗaukar shari'ar talaka kyauta. Baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ƙofofin nan suna nan, shi dai bai san hanyarsu ba.

GASKIYA DOKIN ƘARFE

Yanzu bari in ja maka kunne, domin Shaiɗan yana iya shiga ta ƙofar tausayi.

Wani zai ce, tun da ina so in taimaka, bari in samo masa takardar asali ta wata ƙaramar hukuma, na san wani da zai buga hatimi. Wani zai ce bari mu haɗa kuɗi mu "ga" jami'i. Wani zai rantse a gaban hukuma cewa ya san uwar mutum alhali bai taɓa ganinta ba. Ƙaunatacce, wannan ba hidimar Allah ba ce. Ka karanta Fitowa 23:1-9. Wuri ɗaya ne Allah ya hana shaidar zur, ya hana karɓar toshiyar baki, ya kuma hana zaluntar baƙo. Ba za ka kiyaye ɗaya ta wurin karya biyu ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ran da takardar jabu ta tonu, wanda ka so ka taimaka shi zai shiga kurkuku, sunan ikkilisiya kuma ya ɓaci.

Ka faɗa wa baƙon da ke kusa da kai gaskiya. Katin zaɓe na 'yan ƙasa ne kaɗai, baƙon da ya riƙe shi ya jawo wa kansa laifi, ko wane ɗan siyasa ne ya yi masa. Lambar NIN kuwa ana ba ɗan ƙasa da baƙon da ke zaune bisa doka, saboda haka ita kaɗai ba ta mai da mutum ɗan ƙasa.

Romawa 13 ta koya mana mu yi biyayya ga hukuma. Jami'an shige da fice ba abokan gābanmu ba ne. Aiki aka ba su, mai nauyi kuwa, a lokacin da makamai da miyagu suke ratsa iyakoki. Ka je musu da ladabi, ka gaishe su, ka yi musu addu'a. Ikkilisiya ba maɓoyar mai laifi ba ce. Abin da muke nema shi ne kada a yi wa mai gaskiya kuɗin goro da mai laifi, a saurari kowa kafin a yanke.

Ka kuma shirya zuciyarka, domin ba kowace magana ce za ta ƙare yadda kake so ba. Wani za a bincika a tarar lalle ba shi da ikon zama, dole ya koma. Ko a nan aikinka bai ƙare ba. A karɓo masa ladan aikinsa da ke hannun mutane. A tattara masa kayansa. Kada a raba shi da matarsa da 'ya'yansa ba labari. A nuna masa yadda zai yi takarda ya dawo ta ƙofa in yana so. Akila da Bilkisu korarru ne, sarki Kalaudiyas ya fitar da Yahudawa duka daga Roma, amma a Koranti suka sami Bulus, gidansu ya zama majami'a. Kora ba ta soke shirin Allah a kan mutum.

TO, ME ZA KA YI?

In kai lauya ne, ko ke lauya ce, ka buɗe Titus 3:13. Bulus ya ambaci wani Zinas, masanin shari'a, a cikin abokan hidima. Rigar nan da hular nan ba don neman abinci kaɗai Allah ya ba ka su ba. Kana fitar da zakkar kuɗinka, madalla. Ka taɓa fitar da zakkar iliminka? Ka yi alkawari da Ubangiji: shari'a ɗaya kyauta a kowane wata uku, ko awa biyu ran Asabar ɗaya a wata ka zauna a harabar majami'a kana amsa tambayoyi. Kada ka yi wa aikin kyauta riƙon sakainar kashi. Ka shirya shi kamar na attajiri.

In ba lauya ba ne kai, kada ka ce ba ruwanka. Bo'aza ya bukaci dattawa goma da shaidu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kana iya karatu da rubutu? Ka zauna da mutum ka rubuta tarihinsa: inda aka haife shi, sunan uwa da uba da kakanni da garuruwansu, shekarar da ya zo, mai unguwar da ya san shi. Rabin aikin lauya ke nan ka rage masa.

Kana jin Faransanci ko Barbarci ko Fillanci? Ka zama tafinta.

Kana da babur ko mota? Ka kai matar wanda aka tsare ta gan shi.

Ke da ke cikin zumuntar mata, ki tambayi maƙwabciyarki ko an yi wa 'ya'yanta takardar haihuwa. In ba a yi ba, ki raka ta wurin masu rajista na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Rigakafi ya fi magani. Takardar da aka yi wa jariri yau za ta yi masa magana bayan shekara 20.

Kana da mai gadi ko yaron shago daga hayin iyaka? Ka tambaye shi halin takardunsa, ka taimake shi ya gyara. Kada kuma ka taɓa amfani da tsoronsa ka danne masa albashi, kana cewa ai ba inda zai kai ƙara. Yana da inda zai kai. Maimaitawar Shari'a 24:14-15 ta nuna kukansa yana isa kunnen Ubangiji.

Wani zai tambaya, in mutumin ba mai bi ba ne fa? Yawancin waɗanda za ka taimaka ba za su kasance 'yan ikkilisiya ba. Ka taimake su. Kada ka sa sharaɗi, kada ka mai da taimako ciniki. Basamariyen nan na Luka 10 bai tambayi addinin wanda ya tarar a kwance ba. Bari aikinka ya yi wa'azi, in an tambaye ka dalili sai ka faɗi sunan wanda ya aiko ka.

KAI MA AN TSAYA MAKA

Ga tushen maganar duka. Shugaban sojojin nan ya gaya wa Bulus cewa da kuɗi mai yawa ya sayi zama ɗan Roma. Akwai wata ƙasa da kuɗi ba ya sayen ta. Afisawa 2 ta tuna mana cewa dā mu bare ne, ba mu da rabo cikin alkawaran Allah, ba mu da bege. Ba mu da takarda ko ɗaya da za mu nuna a ƙofar sama. Mai ƙara yana tsaye, kuma abin da yake faɗa a kanmu gaskiya ne. Hukuncinmu kora ce ta har abada.

Sai Yesu ya zo ƙofar gari. Shi da kansa ya ɗanɗana gudun hijira a Masar yana jariri. Bai ɓoye laifinmu ba, bai ba da toshiya ba, bai yi takardar jabu ba. Ya biya da jininsa a fili, a gaban shaidu, a kan gicciye. Yau 1 Yahaya 2:1 ta tabbatar mana muna da mai tsaya mana a gaban Uba, Filibiyawa 3:20 kuma ta nuna mu 'yan ƙasar sama ne. Nawa ka biya wannan Lauya? Ko kwabo. Haleluya!

In an yi maka wannan kyauta, da wane baki za ka ce ba ka da lokacin baƙo? A Matiyu 25 Ubangiji ya nuna cewa yadda muka yi da baƙo, da shi muka yi. Watakila Yesu yana tsare a wani ɗaki a cikin garin nan yau, yana jira ya ga ko za ka zo.

In kuwa kana karanta wannan ba ka taɓa ba da ranka ga Yesu ba, kai ne baƙon da ke bukatar mai tsaya masa. Ka durƙusa inda kake, ka furta zunubanka, ka roƙe shi ya zama Ubangijinka da Mai Cetonka. Sa'an nan ka nemi fasto ko dattijon ikkilisiya ka faɗa masa.

ABIN YI A WANNAN MAKO

1. Ka koyi cikakken suna da garin baƙo ɗaya da yake yi maka hidima, ka fara ambatonsa cikin addu'a.
2. Ka nemo inda ofishin agajin shari'a yake a Dutse, ka ajiye bayanin a cikin Littafinka.
3. Ka ga fasto ka faɗa masa abin da za ka iya bayarwa: ilimi, harshe, abin hawa, lokaci ko kuɗin mota.

ADDU'O'I

1. Ya Uba, na gode domin lokacin da nake bare ka karɓe ni, ka rubuta sunana a littafin rai, cikin sunan Yesu.
2. Ya Ubangiji, ka gafarta mini duk inda na ga baƙo cikin wahala na kau da kai.
3. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe bakina domin wanda ba shi da baki. Ka cire mini tsoron mutum.
4. Ya Allah, ka ta da lauyoyi masu tsoronka a Dutse da Jigawa duka, ka albarkaci aikin hannunsu, kada su rasa domin sun bayar.
5. Ka ba alƙalai da jami'an shige da fice da 'yan sanda hikima da adalci da jinƙai, ka tsare su a bakin aikinsu.
6. Duk ɗanmu da ke tsare ko yake ɓoye a wata ƙasa, ya Ubangiji ka aiko masa da Bo'aza, cikin sunan Yesu.
7. Kowane ruhun ƙarya da cin hanci da ƙiyayyar baƙo, na tsauta maka cikin sunan Yesu. Ba ka da wuri a gidana da ikkilisiyata.
8. Ka ba da salama tsakanin Najeriya da Nijar, ka kiyaye iyalan da ke zaune a hayi biyu.

FURCIN BANGASKIYA

Ni ɗan mulkin sama ne, an fanshe ni da jinin Yesu. An tsaya mini, ni ma zan tsaya wa wani. Bakina ba zai yi shiru ba, hannuna ba zai taɓa ƙarya ba. Ta wurina baƙo zai san akwai Allah mai adalci a garin nan. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.